Nono Muka Yi Ta Yi wa Magani, Ashe Kunne Ne

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Masu tambaya ko an sace mini waya ne, wayar tana nan, bakina ne ya mutu. Yau dai zan faɗa.

'Yata Rahila ba ta fara rarrafe ba a lokacin. Mura ta yi, irin ta kowane yaro. Murar na tafiya sai ta ɓullo da sabon hali: in na ba ta nonon dama ta sha har ta yi gyatsa, in na juya ta na hagu sai ta banƙare, ta ƙwalla ƙara kamar na mintsine ta. Ga jiki zafi-zafi.

Surukata, wadda muke ce wa Mama, ta shigo daga ƙauyen Digil da kayan miyar da take kawowa kasuwa. Tana ganin abin ta ce nonon hagu ne ya lalace, ta sha ganin irinsa. Matan gidanmu suka ce haka ne. Ni ma na yarda, don me zai sa yarinya ta ƙi gefe ɗaya in ba nonon ba?

Sai aka koma kaina. Na sha jiƙo mai ɗacin tsiya, na sha kunun kanwa har na tsani ƙamshinsa, an dafa ganye an gasa mini ƙirji, an tatse nonon an zubar. Ni ake ta yi wa sannu, mai ciwon kuwa tana bayana tana goga kai a zani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da kukan ya tsaya murna muka yi. Zazzaɓi ya sauka, ta kama na hagun ta sha. Mama har da guɗa, wai magani ya ci. Ɗan ruwan da muka gani a kunnenta na dama muka goge, muka ce nono ne ya gangara.

Sai da ruwan ya koma mugunya, ya fara wari, sannan muka tari keke zuwa asibiti.

Muka yanki kati, aka auna zafin jikinta, muka bi layi. Likitar ta haska kunnen da 'yar fitila, ta tambayi yadda abin ya faro, na zayyana mata.

"Maman Rahila, in za ta sha na hagu, a kan wane kunne take kwanciya?"

Na naɗe hannu kamar ina rungume da ita. Na dama.

Ta ce nonona lafiya lau yake. Mugunya ce ta taru a bayan dodon kunne, kwanciya a kansa ke ƙara mata azaba.

"Ranar da ta daina kuka, ranar ce dodon kunnen ya fashe."

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

An ba mu maganin sha da na ɗigawa, an ce ko ta warware sai mun gama shi tas. An koya mini tsane bakin kunnen da ƙyalle mai tsabta, ban da ruwa, ban da mai, ban da tsinken auduga. Mun yi ta sintirin asibiti har masu keken unguwa suka daina tambayata ina za ni.

Mugunya ta tsaya, kunne ya bushe. Amma da aka tura mu Yola gwajin ji, aka ce na hagu garau yake, na dama ya ragu. Zai iya ƙaruwa, zai iya tsayawa haka.

Da Mama ta ji, sai ta ce, "'Yata, da hannuna na dafa ganyen nan." Ban ga laifinta ba. So ne ya sa, kuma dukkanmu muna wurin.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, da Baban Rahila da bai taɓa ce mini ke ce ba.

Iyaye mata, don Allah: in jariri ya ƙi gefe ɗaya, ko yana jan kunne, ko kuka da zazzaɓi bayan mura, a kai shi a leƙa kunnen. In ruwa ya fito, ba sauƙi ba ne, ku tafi a ranar.

Rahila tana tafiya yanzu, tana ɓarna son ranta. In ta nufi murhu ina gefenta na dama, ba na tsayawa kira. Da gudu nake zuwa.