Tsuntsuwar da Ba a Sa wa Zobe Ba

Har yau ban manta da safiyar farko ta sitaj ɗina ba. Ga ƙannenmu da za su shiga ajin ƙarshe na kwaleji baɗi, sitaj mako guda ne da lakwal, wato makaranta, ke tura kowane ɗalibi wani wurin aiki ya ga yadda ake yi. Yawancin 'yan ajinmu kantuna da farmasin unguwarmu ta Guillotière suka nema. Ni kuwa malamar kimiyyarmu ce ta samo mini wuri a wani gandun tsuntsaye da ke bakin teku, can kudu, inda ake sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa. A watan Afrilu ne.

Mama ba ta so ba. Da ƙyar ta yarda, shi ma don ƙanenta Kawu Sani, wanda ke tuƙa kamiyo, babbar motar ɗaukar kifi, a kasuwar Rungis, ya zo mana hutu. A gabana ta ce masa, "Ka kai ta, ka gani da idonka. In wurin bai kwanta maka ba, ka dawo mini da ita." Na san Kawu. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

Rana na fitowa muka iske ma'aikatan a bakin fadama. Ban taɓa ganin sarari haka ba. Ruwa shimfiɗe har ƙarshen gani, iska mai gishiri, ga filamingo sun yi layi cikin ruwa, kowanne da inuwarsa a ƙarƙashinsa. Da suka tashi sai na ga ashe ƙasan fikafikansu ja ne da baƙi. Na tsaya na kasa tafiya, sai da Kawu ya taɓa ni.

Shugabar aikin Madam Odile ce, dattijuwa mai furfura da takalman roba. Ita kaɗai ke da izinin sa zobe, sauran mataimaka ne. Ga yadda aikin yake. Ana kafa raga mai siririn zare tsakanin sanduna cikin dogayen ciyayi. Tsuntsu in ya faɗa, a ciro shi a hankali, a sa shi cikin 'yar jakar yadi, a kai tebur. A can ake matsa masa zobe mai lamba da filaya, a auna fiffike, a ɗora shi a sikeli, a sake shi. In wani ya sake kama shi a wata ƙasa, lambar ce za ta nuna hanyar da ya bi.

Kawu ya tsaya a gefe, hannu cikin aljihu. Da Hausa yake yi mini magana don kada su ji.

"Rakiya, duk wannan wahala, ba ko ɗaya da za a gasa?"

Na ce a'a.

"To mene ne amfanin? A kama ɗan tsuntsu a sa masa mari a ƙafa, bai ci na kowa ba. Wannan alhaki ne."

Na mai da idona kan tebur. Ni dama ko a aji in an kira sunana muryata ɓacewa take.

Sai Madam Odile ta ciro wata 'yar tsuntsuwa mai ruwan ƙasa, ta kwantar da ita rigingine a tafin hannu, ta kawo bakinta kusa da ƙirjinta, ta hura a hankali. Kawu ya cire hannu daga aljihu.

"Ikon Allah! Tofi take yi mata?"

Ta ƙara hura wa ta biyu, ta uku. Kawu ya kasa haƙuri, ya matsa ya tambaye ta da Faransanci wace addu'a ce take karantawa. Madam ba ta gane ba, ta dube ni. Dole na buɗe baki. Na gaya mata cewa a wurinmu in mutum zai yi tafiya ko ba shi da lafiya, babba yakan karanta addu'a ya tofa masa. Ta yi dariya har gilashinta ya zame. Ta ce ita gashin take buɗewa don ta ga kitse. Ta nuna mana: in an hura, gashin ya dare, fatar siririya ce har ana hango abin da ke ƙasa. Kitsen rawaya ne kamar man shanu. Shi ne guzurinsu. Da shi suke ƙetare Hamada da teku.

"Hamada?" in ji Kawu.

Ta ce waɗannan a ƙasashenmu suke cin lokacin sanyi, yanzu suke dawowa. Kawu ya sunkuya ya daɗe yana duban tsuntsuwar. Ya ce da ni, "Wallahi na san su. A bakin tafkin garinmu muke ganinsu bayan girbi." Na zaci ya sauko. Ashe ransa ne ya ƙara ɓaci.

"Ni a mota na ƙetare Hamadar nan, da jarkar ruwa, kuma na san abin da na gani. Wannan da ba ta kai babban yatsana ba ta ƙetare, ta iso, ku tare ta da raga? Rakiya, a gama wannan zagayen mu kama hanya."

A daidai lokacin Madam ta miƙo mini jaka, ta ce in gwada. Ta gyara mini yatsu, wuyan tsuntsuwar tsakanin manuniya da na tsakiya, ba matsewa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, sai zuciyarta da ke bugawa a tafina da sauri kamar ana kaɗa ƙaramar ganga. A gefen bakinta akwai wani ɗan gari rawaya da ya manne, na furen da ta sha a hanya. Na hura. Gashin ya dare. Babu rawaya ko ɗigo. Fatar ja ce, ƙashin ƙirjin ya fito tsaye kamar bakin wuƙa, idonta ɗaya a lumshe.

Madam tana can tana fama da wani tsuntsun, ta tambaye ni ba tare da ta juyo ba, "Yaya kitsen?" Kawu yana tsaye a kaina. Na san in na faɗa, shi ne hujjarsa. Amma abin da ke tafina ya fi ƙarfin in yi shiru.

"Babu komai. Kuma ba ta buɗe ido sosai."

Nan take ta ajiye filaya. Ta duba, ta ce yanzu wannan ta sauka bayan ƙetare teku, a galabaice. Ba zobe, ba sikeli, ba awo. Ta juya ga mataimakanta ta ce a je a naɗe ragogin duka, in ɗaya ta iso haka, sauran ma haka za su iso. Wani ya ce ai yau ce rana mafi kyau a makon. Ta ce, "Na sani. A naɗe."

Ta ɗiga wa tsuntsuwar ruwan sukari a gefen baki, ta mayar da ita jaka, ta ce ana son ɗumi. Ta dubi rigar sanyin Kawu mai kauri. Ya zuge zif, ya sa jakar a ƙirjinsa, ya zauna a kan dutse. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, ya zauna ko tari bai yi ba.

Can sai jakar ta fara motsi. Madam ta ce shi zai sake ta. Ya buɗe tafinsa, tsuntsuwar ta tsaya tana dubanmu. Na ga leɓunansa suna motsi, sannan ya tofa mata a hankali. Ta girgiza, ta yi tsalle, ta shige cikin ciyawa. Ba a jima ba muka ji 'yar muryarta.

Kawu ya share hannu a wando. Ya je mota ya sauko da jakata, ya ajiye a ƙofar ɗakin kwanan 'yan mata na gandun. "Ki gaya wa Madam ɗinki ranar Asabar da wuri zan zo. A ajiye mini ɗaya in hura."

A makon nan na riƙe tsuntsaye da yawa, na koyi sunayensu da awonsu. Amma abin da ya zauna mini shi ne naɗe ragar nan. Mutanen sun jira safiyar tun lokacin sanyi, suka bar ta saboda tsuntsuwa guda da ba za su taɓa sanin inda ta ƙare ba. Ranar na gane cewa a wannan aiki, wanda aka ba izinin kamawa shi ne wanda ya san lokacin da zai buɗe hannu.