Goggo Safiyatu da Mai Rorar Wakenta

Littattafan Goggo Safiyatu duk sun sha mai. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da hannun da take matsar tunkuza take juya shafi, don haka duk littafin da ya shiga ɗakinta sai ya fito da shaidar yatsunta. Kowa a gidanmu ya san wannan, har tsiya ake yi mata. Abin da ban taɓa jin wani ya ambata ba shi ne, a littattafan bincike, waɗanda ake yin sata ko kisa a farkonsu a yi ta bin sawu, shafukan ƙarshe fes suke, ko ɗigon mai babu.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. A firamare karatunta ya tsaya, amma ba ta taɓa ajiye littafi ba. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk suka yi aure, sai ta dawo gidanmu, a wani ƙauye da ke kusa da Bici, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin katangar wani. Da na shiga jami'a a Kano, duk hutu nakan taho mata da tsofaffin littattafan Hausa. Ba ta yi mini godiya sai ta karanta, kuma godiyar tata kullum da ƙorafi a ciki.

Littattafan fargaba, masu gudu da harbe-harbe, su suka fi shan faɗa. "Bilki, wannan bawan Allah tun shafin farko yake gudu," in ji ta wata rana. "Ya hau mota, ya hau babur, ya tsallake katanga. Yaushe ya yi azahar? Ko ruwa ban ga ya sha ba." Amma a kan littafin nan ƙulinta ya ƙone a kasko, abin da ba ta taɓa yarda an tuna mata ba.

Waɗanda ta fi so su ne labaran azumi da Sallah, inda dangi ke taruwa a gida ɗaya, a yi kitso, a yi lalle, a shirya 'yan'uwan da suka ɓata, ba a kashe kowa. Su take karanta wa matan gida da murya, suna ɓarar gyaɗa. Shekarar da aka cire tallafin mai, mudun gero ya fara gagarar mutane, sai ta daina. Na tambaye ta dalili.

"Marubuciyar nan ba ta da tausayi," ta ce. "Shafi bayan shafi tana soya kaji. In karanta wa wa? Matan da suka kwana da kunu?"

Ta ɗora su a kan kwalla, takan sauko da ɗaya ta karanta ita kaɗai.

Na daɗe kafin na iya tambayar ta zancen shafukan ƙarshe, don ni ba gwanar tambaya ba ce. Ta dube ni ta yi dariya.

"Ashe idon nan naki ba na ado ba ne. Ai tun tsakiyar littafi nake gano mai laifin. Abin da ba na so taron ne. A tara jama'a a falo, a nuna mutum da yatsa, shi ke nan littafi ya ƙare, kowa ya watse. To uwarsa fa? Gobe a wace rijiya za ta ɗebi ruwa?"

Na ce amma wanda ya yi kisa ai ya cancanci a nuna shi.

"A kama shi mana, ban hana ba. Ni dai ba sai na je kallo ba."

Ban gamsu ba a lokacin, kuma har yau ba duka na gamsu ba.

Goggo tana da 'yar gayauna ta gado a bayan gari, dawa da wake a tsakani. A kakar shekarar nan, wake ya fara bushewa, sai aka lura ana rore shi kafin mai shi ta zo. Sata ta yi yawa a gonaki a lokacin, mutane kuma sun ƙule. Babana ya fi kowa. An sare masa masara a fadama, bai kama kowa ba, don haka da ya ji na ƙanwarsa sai ya ce a nan za a tsaya. Ya yi magana da mai unguwa. Ranar Asabar za a tura dattijan mata su bi gidajen layinmu, duk gidan da ba su noma wake ba aka samu kowarsa, wato ɓawon da ake casawa, to an sami ɓarawo. In ba a samu ba, a ja Yasin.

"Ke da kike kwana da littafin 'yan sanda," ya ce mata a tsakar gida, "yau ga ranarki. Ki fito mana da shi."

"Yaya, ka taɓa ganin ɗan sanda da ludayi?"

"Na ga mai ludayi da bakin lauya dai."

Washegari da hantsi ta ce in raka ta gonar. Ta bi kunya-kunya a hankali, hannunta a baya. Ni abin da na gani kawai wake ne da aka rage. Ita ta nuna mini sauran. Busasshen kawai aka tsinke, ɗanyen yana nan. Ba a taka yaɗo ko ɗaya ba. Sannan a ƙarshen kowace kunya ga ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke kashe dawa, an tuge shi an tara, an juya saiwarsa sama don rana ta ƙone ta.

"Kin taɓa ganin ɓarawo ya yi wa mai gona ciran ciyawa?" ta ce. "Wannan hannunta ne ya saba, ba ta iya wuce ƙuduji ta bar shi. Mace ce, kuma ubanta ne ya koya mata juya saiwar. Na san uban."

Sannan ta ce matar tana da 'ya da aka sa wa rana bayan kaka, mijinta kuma ya tafi kudu neman aiki, ba aike ba labari. In aka fito da kowar wake daga ɗakinta ranar Asabar, dangin ango za su ji kafin la'asar.

"Wace ce, Goggo?"

"Ɗauko mini kwaryar can."

Ba ta faɗa mini ba, ranar ko bayanta.

Da muka koma gida ba ta ce wa Baba komai ba. Ta yafa mayafi ta bi layinmu gida-gida. A kowane gida maganarta ɗaya: bayanta ya matsa mata, ba za ta iya rora ba, wake kuma zai zube, tana roƙon a taimaka mata ranar Alhamis, kowa ta tafi da rabonta a cikin abin da ta rora. Ciwon bayan gaskiya ne, ta daɗe da shi, sai dai bai taɓa hana ta aiki ba. Ba ta tsallake gida ko ɗaya ba. Inda matar gida ba ta fita, ta ce a turo tsohuwa.

Ranar Alhamis gonar ta cika da mata. 'Yar gayaunar da mutum biyu za su gama, ga mata kamar ana suna. Fanta mai koko tana ta tsokana.

"Safiyatu, wannan gayyar ai ta fi waken yawa. Ko miji kike nema, kike tara shaidu?"

"In na samu irin naki mai barcin rana, na yafe."

Aka kwashe da dariya. Ni ina gefe ina riƙe buhu, kuma na kama kaina ina kallon hannayen mata, ina jiran in ga wadda za ta tuge ƙuduji. Goggo ta lura. Ta aike ni gida ɗebo ruwa, ta ce in tsaya in tace shi da kyau.

Kafin la'asar kowace mace ta koma gida da wake a ɗaure a zane. Kafin magariba ana jin casa ta ko'ina a layin, kowar wake ta watsu a kowace tsakar gida, awaki suna bi.

Baba ya gane abin da aka yi masa tun kafin ya zauna.

"Safiyatu, yanzu gidan wa za a bincika?"

"Duka, Yaya. Duk za a samu."

"To Yasin fa? Ita ma kin raba ta?"

"Gonar tawa ce ko taka?"

"Taki ce."

"To na yafe, na baya da na yau. Abin da mai shi ta yafe, me za a ja masa?"

"Kin san ko wane ne ke nan."

"Na san wakena ne."

Ya ce ta koya wa ɓarayi hanya, kuma ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Daga baya, da dawarta ta nuna, an yanke mata kawuna a gefen hanya, yankan ganganci, har da karya kara. Wannan ta yi masifa a kansa har maƙwabta suka leƙo, ta ce da za ta kama shi da kanta za ta kai shi gaban mai unguwa. Baba ya daɗe yana amsa gaisuwarta a taƙaice. Amma ba a bi gidaje ba, ba a ja Yasin ba. Bayan kaka an yi bukukuwa da dama a layinmu, Goggo ta je dukkansu da ƙulinta a kwano, kuma babu wanda aka fasa.

A daren Alhamis ɗin dai ba ta yi zancen ba. Abin da ya rage mata na wake bai cika buhu ba. Da safe ta shimfiɗa tabarma ta casa shi, ta sheƙe, ta zuba wa akuyarta kowar, sannan ta ɗebi kwano ɗaya ta jiƙa don alalen rana.