Masu Shanye Wutar Glenys

Glenys Harrop ba ta yarda ta zama fasinja in dai da yadda za ta yi. Duk shekarunta na aiki a bayan sitiyarin bas ɗin makaranta ta yi su, tana kwaso 'ya'yan masu kiwon tumaki daga gonakin da ke kewaye da garin Hay. Da mijinta ya rasu, maimakon ta zauna ana ta yi mata sannu, sai ta sayar da gidansu ta sayi tsohuwar mota mai ɗaki: ga gado, ga firij, ga banɗaki kamar akwati. Ta shigo sahunmu, mu tsofaffin da ke yin arewa in sanyi ya zo, mu dawo kudu in zafi ya tsananta.

Ni Merv ne, kafinta a da. A bakin kogin Murrumbidgee muka saba haɗuwa da ita. Ba ta da haƙuri, ni ma ban gaje shi ba, shi ya sa tamu ta zo ɗaya.

Bayan batirin injin motarta, akwai wasu biyu a ƙarƙashin kujerarta. Su ke riƙe da fitilu da firij da famfon ruwa, farantin sola na kan rufi kuma shi ke cika su. Ba ta barin kowa ya taɓa mata su. Ita ke kwance su, baƙar waya farko, ta goge kawunansu da burushin ƙarfe, ta shafa mai, ta ɗaure, tana zagin wanda ya ƙera wurin saboda ƙuncinsa.

Bara ne abin ya soma. In tana tafiya, injin na cika baturan, lafiya lau. Da ta yada zango ta ɗan kwana biyu, sai ta tashi ta tarar firij ya mutu, nama ya fara wari. Ta sayi sababbin batura ta ɗaura da hannunta. Ba a jima ba su ma suka bi sahu. Mai shagon baturan, wani matashi mai murmushin da nake jin kamar in mare shi, ya gwada su ya ce, "Iya, kayanmu ƙalau suke. Wani abu kike bari a kunne ki manta."

Wannan kalma ta mantuwa ita ce ta soke ta. Mahaifiyar Glenys da ciwon mantuwa ta ƙare, har ta daina gane 'ya'yan cikinta. Ɗanta Warwick kuwa, dama mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Ya daɗe da gyara mata ɗaki a bayan gidansa a garin Wagga. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, amma kullum sai ya kira: "Mama, yau firij ne, gobe fa? Ki ajiye motar nan hakanan."

Da muka haɗu a bakin kogi bana, na same ta ta rame, ba ta ko tanka mini da na ce motarta ta fi ta kyan gani.

"Asabar Warwick zai zo ya ɗauke ni," ta ce. "Na ce masa to."

"Ke ɗin? Ke da ba kya ba wa kowa sitiyari?"

"Kai dai bari, Merv. Kafin in kwanta sai na bi komai na kashe. Na rantse ina kashewa. Gari na wayewa ba wuta. To in ba ni ba ce, wa ye?"

Na duba wayoyin cikin motar, na taɓa kowane fis na wuta, ban ga aibu ba. Aikinta ya fi nawa tsabta, abin haushi.

Washegari da sassafe ina shan shayi a ƙofar motata, sai ga garken fararen aku, masu tukkun nan rawaya, sun sauka a kan rufinta da ihunsu mai tsaga kunne. Kowa ya san su, sun cika bakin kogin, ba mai kula su. Amma sai na ga wani abu ja yana faɗowa ƙasa, ƙanana ƙanana. Na je na tsinta. Robar jikin waya ce.

Na ɗauko tsani na hau. Wayar da ta fito daga farantin sola, shegun sun tauna ta sun saɓule mata riga, saura zare biyu ko uku na jan ƙarfe ke riƙe da ita. Ɗan abin da ke wucewa bai isa ya riƙe firij ba, amma ya isa ya kunna koriyar fitilar da ke nuna mata wai sola na aiki. Glenys kuwa tun da gwiwa ta fara damunta ba ta ƙara hawa rufin ba.

"Ke tsohuwa!" na ƙwala mata kira. "Fito ki ga masu mantuwar!"

Na ce ta tsaya a ƙasa in nuna mata hoto a wayar salula. Ina! Ta ce in sauko in riƙe mata tsanin, in kuma na kalli sama sai ta fasa mini kai. Haka ta hau, taku ɗaya ɗaya, tana nishi. Ta leƙa rufin ta ga wayar. Wani aku ya sauka a reshe kusa da ita ya miƙe tukkunsa, sai na ji ta fashe da dariya, tana yi tana share ido da bayan hannu. Ni ma na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga wuya.

Mun wuni muna aikin. Muka ja sabuwar waya, muka zura ta cikin bututun ƙarfe yadda bakin aku ba zai kai ba. Ita ta ɗaura ta, ni aikina miƙa sifana da shan faɗa. Kafin la'asar mita ta nuna batura na cika. Sannan ta kira Warwick.

"Ka zo Asabar ɗin," ta ce, "amma da abinci za ka zo, ba da akwatuna ba." Na ji shi yana cewa duk da haka ta ga likita. Ta ce za ta gani, kuma ita za ta tuƙa kanta.

Ta ajiye wayar ta yi ajiyar zuciya. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka san tun farkon sanyi ban kunna murhun gas ba? Burodi da abincin gwangwani nake ci. Tsoro nake kada in bar shi a kunne in ƙone kaina da na kusa da ni."

Ta tashi ta shiga ciki, na ji ƙarar ashana, na ji ta ɗora buta. Sannan ta fito ta ja kujerarta, ta zauna ta ba wa murhun baya.