Buhun da Ba Gyara

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta tsufa tana turara shinkafa a Gulma tana sayarwa da mudu. Duk wanda ya saya, bayan ta cika mishi mudu har ya yi tozo, sai ta ƙara ɗibo hannu guda ta zuba. Gyara ke nan. Wanda bai samu gyarar Inna ba, ya san akwai magana tsakaninsu.

Da aka kawo wa ƙungiyar matan garinmu wutar sola, aka haɗo da injin casa, da sikeli mai nuna lamba, da injin ɗinke buhu. Masu saye sukan yi oda ta waya daga Argungu da Birnin Kebbi, mota ta zo ta kwasa. Gaskiya abin ya yi kyau. Shinkafa ba tsakuwa, mata sun huta da daka, ni kaina da nake koyarwa a Argungu sai da na riƙa yi wa abokan aiki burga da ƙauyenmu.

Matsalar ɗaya ce: sikelin bai san gyara ba. Da lamba ta cika sai ya yi ƙara, a ɗinke buhu. Inna takan jira a gama, ta sa reza ta farke gefe, ta zuba hannunta guda, ta sake ɗinkewa da allura.

Shugabar wurin ɗiyar ƙanen Inna ce, mace mai haƙuri. Ta same ta a gida ta durƙusa.

“Gwaggo, masu saye in sun ga ɗinkin hannu, ɗauka suke an rage. An maido muna buhuna. In aka sake, dole mu cire sunanki.”

“Ƙari na yi.”

“Na sani, Gwaggo. Su ba su sani ba.”

Inna ta ajiye reza. Ba ta yi gardama ba, kuma wannan ya fi damuna.

Akwai wata Bayarbiya mai shago a unguwar Nasarawa cikin Birnin Kebbi, wadda ke sayen shinkafar Inna tun ina ƙarama, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ko da aka koma oda ta waya, ta Inna take cewa a aiko mata, takan gane ta da ɗinkin gefen nan. Buhuna suka fara isa gare ta sumul. Ta karɓi na farko, ta karɓi na biyu, duk ba gyara.

Wata Asabar ina gida sai ga ta da azahar, ta rufe shago ta shigo mota, da turmin atamfa a hannu. Ta cire takalmi tun daga zaure. Mace mai jikoki, ta zube gaban Inna.

“Inna, na yi ta tunani ban gano abin da na yi miki ba. Ko mene ne, ki yafe mini.”

Na buɗe baki zan yi bayanin sikeli, Inna ta harare ni, na rufe. Ba za ta iya cewa inji ne ya riƙe mata hannu ba.

“Tashi, ɗiyata,” in ji ta. “Na yafe.”

Matar ta koma gida da farin ciki. Inna kuwa ko tuwo ba ta taɓa ba, ban taɓa ganin ta ji kunya irin ta ranar ba, kuma ta ba ni tausayi ƙwarai.

Washegari aka zo kwasar shinkafa zuwa inji, ta ce a bar tata. Na gaya mata kasuwar can ta fi, kuma ƙarfinta ya wuce daka.

“Na sa baiwar Allah ta roƙi gafarar laifin da ba ta yi ba, kuma na karɓa,” in ji Inna. “Miƙo mini mudu.”