Amsar da Addu'a Ke Buɗewa

A ƙofar wani gidan burodi a unguwar Shubra, mai gidan, wani mai tumbi, gira duk fulawa, yana ta murza waya. Tanderun lantarki ya ƙi tashi, layi ya kai titi.

"Usta Ramzi, waya za mu ci yau?" in ji wata tsohuwa.

"Haƙuri, Hajiya, na kusa!"

Da gani ba ya son neman taimakon kowa. A dandalin masu gyara na intanet ya tarar an yi irin tambayarsa shekara tara baya, amma amsar a rufe take, sai ka rubuta wa mai ita addu'a za ta buɗe. Ya zuba addu'a layi uku, har da iyaye. Amsar ta buɗe: "Kira mai gyara."

Ya daka wa wayar tsawa: "Dawo min da addu'ata!"