Busasshen Ƙullin Baba Madondo

Baba Runesu Madondo ya yi aikin duba-gari a Masvingo har kansa ya yi furfura, kuma a duk tsawon aikin nan babu laifin da ya tsana kamar tofar da miyau. Mahauta sun san shi, masu gasa masara a tashar mota sun san shi. In ya ratso kasuwa da farar rigarsa, sai ka ga manyan mutane suna haɗiye abin da suka riga suka tara a baki. Da ya yi ritaya, sai ya ɗauki kuɗin sallama ya sayi tsohon jirgin ruwa mai inji, ya shigo ƙungiyarmu ta masu kamun wani kifi da ake kira bas a tafkin Mutirikwi.

Mu ne mutanen nan da ke tashi da asubar Asabar, mu ƙona man da zai kai iyali Harare, mu yini cikin rana muna yaudarar kifi da tsutsar roba. In an dace mun kama, sai mu auna shi, mu ɗauki hoto da shi, mu mayar da shi ruwa muna yi masa fatan alheri. Matanmu sun daɗe da daina tambaya. Ranar da muka fita kamun kifi, tun da safe suke zuwa kasuwa su sayo kifi.

Wannan tsari ya yi wa Madondo daidai kamar an gwada. Shi ɗan gidan Dziva ne, kifi ne kan gidansu, wato dabbar da zuriyarsu ba ta ci, kuma kowa ya san abin da ke samun wanda ya ci kan gidansa: haƙoransa ne za su zube. Madondo bai yarda da wannan ba. Ya sha gaya mana shi mutum ne mai takardar shaidar kiwon lafiya, haƙori ƙwayar cuta ke cinsa, ba kakanni ba. Kifi dai bai taɓa sa shi a baki ba, amma wannan, in ji shi, cikinsa ne ba ya so. Yadda aka yi ciki ya ƙi abin da bai taɓa gani ba, ba mu tambaya ba, don kowannenmu yana da irin nasa.

Kowace shekara, cikin zafin Oktoba, ƙungiya kan yi gasa. Wanda kifinsa ya fi nauyi ya ɗauki kofi. Wanda ya zo ƙarshe a ba shi wani kaskon suya mai tsatsa, ya rataye a falonsa har shekara ta zagayo, kuma kowane ɗan ƙungiya yana da ikon faɗowa gidan babu sanarwa ya duba ko yana nan. Kaskon ya daɗe a falon Madondo har in an sauke shi ranar gasa, sai a ga siffarsa a jikin fenti, da mariƙi da komai.

Matarsa, Uwar Shuvai, ta yi haƙuri har ranar da aka zo maganar sadakin 'yarsu Shuvai. Ran nan wata tsohuwa daga dangin ango ta ja ta gefe, ta tambaye ta a hankali, cikin tausayi, ko gidan ba shi da ɗakin girki. Uwar Shuvai ta bari sai da aka yi biki aka watse. Sannan wata safiya ta ajiye masa shayi, ba ta koma ba.

“Baban Shuvai, ka ga kaskon can?”

“Ina ganinsa. Ni na rataye shi.”

“In ya dawo bana, jirgin nan zai bar tsakar gidana. Kaji zan zuba a wurin. Su dai in an ba su abinci, ana ganin nama.”

“Haba, Uwar Shuvai. Wasa ne na maza.”

“Ni ma wasan zan yi. Na riga na yi magana da mai ragar kaji.”

Matar nan ita ke shugabantar matan coci, kuma ba a taɓa jin ta maimaita magana ba. Madondo ya leƙa ta taga ya dubi jirginsa a ƙarƙashin tamfol. Daga cikin jirgin nan ne kaɗai yake ganin fitowar rana ba tare da wani ya ce masa ya gyara famfo ba.

Sai ya yi abin da muke yi duka. Mu ba mu taɓa rasa kifi don rashin iyawa ba. Wata ne ya cika haske, ko iska ta juya, ko ruwa ya ja baya, in duk waɗannan sun ƙare, to, zare ne. Ya tafi shagon Zimuto.

Zimuto ɗan ƙungiyarmu ne, shi ke sayar mana da kayan fatsa, kuma abokin wasan Madondo ne tun na iyaye, irin wanda ke da izinin zaginka da ranka, ranar jana'izarka ma ya tsaya a bakin kabari ya ƙarasa.

“A'a, mai kasko! Yau me za mu ɗora wa laifi?”

“Zare nake so na kirki, ba irin ruɓaɓɓen da ka saba cutata da shi ba.”

Zimuto ya jera masa uku a kan kanta. Nailan, wanda Madondo ya saba da shi, yana miƙewa kamar roba, kafin ka ji kifi ya taɓa har ya gama tauna ya tofar. Saƙaƙƙe, mai ƙarfin janyo kututture, amma a garai-garan ruwan Mutirikwi kifi na hango shi kamar igiyar shanya. Sai na uku, fulorokabon, wanda mu muke kira fuloro don kada harshe ya gaji. Wannan yana nutsewa da kansa, ba ya jin kaifin dutse, ko numfashi kifi ya yi kusa da ƙugiya za ka ji a hannunka. Babban abin kuma, in ya shiga ruwa ɓacewa yake yi.

“Siriri na buɗaɗɗen ruwa ne,” in ji Zimuto. “Kai da kake son raɓewa jikin matattun itatuwa, ɗauki matsakaici. Riƙe ka gani.”

Madondo ya ɗaga hannu wajen haske, ya ƙanƙance ido.

“Ina zaren?”

“Yana hannunka.”

“Ban gan shi ba.”

“To, ka ga shaida. Ai kai da kifi dangi ne. In ɗan Dziva bai gani ba, 'yan'uwansa na cikin ruwa ma ba za su gani ba.”

Yana naɗe masa sai ya sauya murya, abin da ba kasafai yake yi ba. “Sharaɗinsa ɗaya. Kafin ka ja ƙulli, ka sa a baki ka jiƙa shi da miyau. In ka ja shi a bushe, gogar kansa yake yi ya yi zafi, ya raunana daga ciki, ba ka sani ba. Nailan na yafewa. Wannan ba ya yafewa.”

“Miyau,” in ji Madondo, kamar an ambaci sunan tsohon abokin gaba. “Ni za ka gaya wa miyau? Camfin masunta ne, tofi don neman sa'a. Ni mutum ne na kimiyya.”

“To, ranka ya daɗe, na kimiyya. Mai ragar kaji ya ba ni labari. Fararen kaji za a zuba ko baƙaƙe?”

Gaskiyar da Madondo bai faɗa ba ita ce, zaren fatsa yana shiga bakin kifi, yana shafar santsin jikinsa, tsutsar robar kuma a cikin man kifi ake jiƙa ta don ƙamshi. Tsakanin sa wannan zare a baki da cin kifi, shi bai san inda iyaka take ba, kuma ba ya son haƙoransa su zama wurin gwaji. Duk shekarun nan a bushe yake jan ƙullinsa, yana juya baya kamar mai kare iska.

Ranar gasa mutum biyu ke shiga kowane jirgi. Madondo ya ɗauki mijin Shuvai, Tapfuma, akanta a wani banki a Harare, wanda ya zo gaisuwa ya tarar da kansa cikin jirgi, don mijin 'ya ba ya cewa a'a. Tapfuma ya iya fatsa, ya fi surukinsa nesa ba kusa ba, amma ya tsai da shawara tun a mota cewa yau ba zai kama komai ba. Ko ruwan sha aka miƙa masa sai ya durƙusa ya tafa hannu don girmamawa, jirgi ya yi tangal-tangal.

“Mukwasha,” in ji Madondo, yadda ake kiran mijin 'ya, “rage ladabin nan, za ka kifar da mu.”

“To, Baba.” Ya sake tafawa.

Da hantsi Madondo ya kama wani ƙarami da bai kai awo ba, ya sake shi. Zaren ya goge a dutse, sai ya yanke, ya lalubi ramin ƙugiya da ƙyar, ya ƙulla, ya ja a bushe har ya yi ƙara. Tapfuma ya gani. Ya buɗe baki, ya rufe.

“Akwai magana?”

“Babu, Baba. Ƙulli ya yi kyau, Baba.”

Rana ta take tsaka suka raɓi wata matacciyar bishiya da ruwa ya ci rabinta. Madondo ya jefa tsutsa ta nutse. Sai ya ji ɗan taɓi a hannunsa, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ya fizga. Sanda ta lanƙwashe har ta sumbaci ruwa. Kifin ya yi tsalle sama, baki buɗe kamar bokiti, irin wanda muke ba da labarinsa ba mu taɓa riƙewa ba. Madondo ya ga kofi, ya ga bangon falo an yi masa sabon fenti. Sai ji kake tas!

Ya janyo abin da ya rage. Bakin zaren ya murɗe kamar wutsiyar alade, kuma ko sabon shiga ya san ma'anar wannan: a ƙulli ya tsinke.

Jirgin Zimuto ya gifta daga nesa. “Ɗan Dziva! Gaisawa kawai kuka yi da kawunka? Ƙwai nawa zan riƙa samu a mako?”

Lokacin awo ya matso, akwatin kifinsu babu komai sai ruwa. Madondo ya ɗauko sabuwar ƙugiya, ya zura zare, ya murɗa, ya tsaya kafin ja. Ya dubi Tapfuma. Shi ɗan gidan Shumba ne, zaki ne kan gidansu, abin da bai taɓa takura wa kowa a wurin cin abinci ba.

“Mukwasha, matso. Tofa nan.”

“Na'am, Baba?”

“Miyau. A kan ƙullin nan. Yi sauri.”

Tapfuma ya durƙusa. Ana so ya yi tofi a gaban surukinsa, a kan kayan surukinsa, a hannun surukinsa, mutumin da duk Masvingo ke haɗiye miyau in ya wuce. Ya motsa baki. Ya sake motsawa. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa.

“Baba, babu.”

“Me ne babu?”

“Miyan, Baba. Ya ƙi zuwa.”

“Na ba ka 'ya sukutum, da digirinta. Miyau kaɗai na roƙa.”

“Ina ƙoƙari, Baba.”

“Tuna lemun tsami.”

“Ina tunawa, Baba. Fuskarku ce ke tarewa.”

Madondo ya dubi rana, ya dubi ƙullin da ba ya ma iya gani sosai. Ya ji kamar kukan kaji daga bayan duwatsu.

“Juya baya. Ka dubi can.”

Tapfuma ya juya da sauri, cikin godiya. Amma jirgin ƙarami ne, kunne kuma ba ya juyawa, don haka ya ji mutumin kimiyya yana magana ƙasa-ƙasa: “Ku kakanni, ku duba da kyau. Ba ci nake ba. Lasa ce. Kuma roba ce, a kanti na saya.”

Ya sa zaren a baki. Ya ji ƙarni, ya gane ashe cikinsa ya yi gaskiya tun farko. Ya ja, ƙullin ya sulale ya zauna lif, ba ƙara.

Kifin da ya kama daga baya ba na labari ba ne. Matsakaici ne, mai gajiyayyar fuska, kamar ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata. Amma ya kai awo, ƙulli kuma ya riƙe. Zimuto, wanda ya ɓata yininsa yana zagaya tafki yana tsokanar mutane, ya zo wurin awo ba ko kifi ɗaya. Madondo da kansa ya kai masa kasko har gida, ya tafi da ƙusa da guduma don kada a wahalar da mai gida.

Jirgi ya zauna a tsakar gida. Kajin Uwar Shuvai suka koma bayan ɗakin girki, don ragar an riga an saya.

Mako bai cika ba wani turmin haƙori na Madondo, wanda likita ya daɗe yana cewa a cire, ya fita a jikin gasasshiyar masara. Masara ce, in ji shi, ta cika tauri bana. Uwar Shuvai ta ce ai kuwa masara ce, ta ci gaba da tankaɗe.

Shi da bakinsa yake ba da labarin yanzu, har ya buɗe baki ya nuna giɓin. Ranar da ya fara ba mu, a rumfar ƙungiya, muka yi dariya har da hawaye. Sai Zimuto ya ajiye kwalbarsa.

“Tsaya, ɗan Dziva. Kuna zaune a kan tafki guda. Cikinku babu wanda ya yi tunanin tsoma ƙullin a ruwa?”

Dariya ta yanke. Ba don Madondo kaɗai ba. A cikinmu akwai lauya, akwai injiniyan ruwa, akwai tsohon shugaban makaranta, kuma duk shekarun nan lasar zare muke yi.

Madondo ya gyara zama, ya sa harshe a giɓin ya fitar.

“Ruwan nan,” in ji shi, “ba a auna tsabtarsa ba.”

Yanzu da wata 'yar kwalbar maganin ido yake fita, cike da tafasasshen ruwan famfo. In zai ja ƙulli sai ya ɗiga sau ɗaya, a fili, ba ya juya baya. Wasunmu sun fara aron kwalbar.