Na Koma Sallah, Ita Ta Bari

Shekaruna ashirin da shida lokacin da na dawo Malanville daga jami'a, kaina cike da littattafan falsafa. Aikina cika wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, a bakin gadar kan iyaka. Sallah kuwa sai in mahaifina yana kusa. A raina na gama yanke cewa rayuwa ba ta da manufa, kabari ne ƙarshen zance, so kuma sha'awar jiki ce aka yi wa ado.

A motar Gaya na haɗu da wata malamar lakwal, wato makarantar boko, kafin mu ƙetare kogi har mun fara gardama. Ban taɓa jin daɗi irin na watannin da suka biyo baya ba. Ina tashi aiki sai in tari kabu-kabu zuwa ƙofar gidansu. Ita mai ibada ce, ni kuwa in ta kawo hujja sai in warware ta, ina jin kaina gwani. Takan yi dariya ta ce Allah ya shirye ni. Daga baya ta daina dariyar, ta koma sauraro, ni ban lura ba.

Abin mamaki, sonta ne ya juya ni. Farin ciki ya yi mini yawa har na rasa wanda zan gode wa. Wata la'asar na tsinci kaina ina alwala, ba mai kallona. Na yi sujada ina kuka. Washegari na garzaya wajenta da albishir biyu: na koma sallah, kuma magabatana suna tafe neman aurenta.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce wata biyu ke nan rabonta da sallah, in ta ɗaga hannu ba ta jin komai. Ta ce ni na nuna mata so sha'awa ce mai wucewa, to a kan me za ta ɗaura aure? Na yi ta rantsuwa, amma duk amsar da na kawo, da maganata ta dā take rushe ta. Da aka yi hutu ta nemi canjin wurin aiki ta bar garin.

Ban ce tambaya laifi ba ce. Laifina shi ne na ɗauki shakkar da ban gama da ita ba na zuba a zuciyar da ta amince da ni, don kawai in burge. 'Yan uwana masu karatu, ku kula da abin da kuke faɗa wa mai son ku, domin shi da gaske yake saurare. Ni na samu hanyar dawowa. Ita har yau ban sani ba, kuma kowace sallah sai na roƙa mata.